Sassaƙe da saiwar dajin Birnin Gwari: abin da ya kamata ku sani

Sunan dajin Birnin Gwari ya fi fitowa a labarin 'yan bindiga, amma tun kafin wannan fitina dajin ne kantin maganin Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulanin da ke zaune a gindin duwatsunsa. Wani yanki nasa, gandun Kamuku, an keɓe shi tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. A cikin itatuwan dajin, doka da kawo da maje sun fi yawa, sai kaɗanya da ɗorawa a bakin gonaki.

A wajen magani, maɗaci ne kan gaba. Ana sassaƙo ɓawonsa a jiƙa ko a dafa, a sha don zazzaɓi da ciwon ciki, makiyaya kuma su ɗura wa shanu don tsutsar ciki. Saiwar tafashiya, mai rawaya idan an kankare, ita ake nema wa shawara. Marke na tari ne, man kaɗanya na targaɗe da bushewar fata, ganyen kalgo kuma na wankan jego.

Wadda ya kamata a tsaya a kanta ita ce sanya, da ake yi wa kirari da uwar magunguna. Ka fasa ɗanyar saiwarta, ƙamshin man zafi zai daki hancinka, domin sinadarin da ke cikin man shafawar yana cikinta. Ana shaƙa don ciwon kai, ana shafawa don ciwon gaɓɓai. Shanta kuwa da hatsari: idan ta yi yawa guba ce, mai juna biyu kuma kada ta kusance ta. Tsofaffin masu magani sun san haka, shi ya sa suke auna ta da ɗan yatsa. Mai talla a tasha, wanda ya ƙulla gari a leda ya ce yana maganin cuta goma, ba ruwansa da awo.

Akwai kuma inda itace ba ya isa. Saiwar gwandar daji ta yi suna a saran maciji, sai dai dafin kububuwa allurar asibiti ke karya shi, kuma duk jinkiri asara ne. Haka yaron da zazzaɓi ya kai shi ga suma, sai asibiti.

Itatuwan ma suna shan wahala. Mai sani gefe ɗaya yake sassaƙa, ya bar sauran ɓawon ya haɗe. Wanda ke cika buhu don kasuwar Kaduna kuwa zagaye gindin yake yi, itacen ya bushe a tsaye. Ga masu gawayi da masu katako a kai. Abin ya kai a 2022 ƙasashen duniya suka sa maɗaci da kawo cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da izini.