Kafin Ka Ɗaura Inbata A Motarka

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya zama sai in ta kama dole. A watan Oktoban 2024 kuma Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Wannan ya sa mutane suka waiwayi batirin motarsu. A Bebeji da Kiru da Tudun Wada, mai POS da mai aski da mai tallar magani da lasifika duk sun san ɗan akwatin nan da ake kira inbata, wanda ke ɗaukar wutar batir mai bolt 12 ya mayar da ita 230, irin ta bangon ɗaki. Abu ne mai amfani ƙwarai. Sai dai akasarin masu saye lambar da ke jikin kwali suke dubawa, alhali motar ce da wayar da aka ɗaura ke da ta cewa.

Mu fara da tambayar da mai shago ba zai yi maka ba: me za ka kunna? Idan cajin waya ne kawai, ba ka buƙatar inbata sam. Ƙaramar cajar mota mai USB ta wadatar, ta fi araha, kuma ba ta ɓarnar wuta. Cajar waya ba ta cika wuce wat 25 ba, kwamfutar cinya kuwa tsakanin 45 zuwa 90 take ci. Ga irin waɗannan, inbata mai wat 150 zuwa 300 ta isa.

Ramin kunna sigari da ake soka ƙananan inbatoci a ciki yana da iyaka. Fis ɗinsa yawanci amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180 ke nan. Ka soka mai wat 1,000 a nan, ba za ka samu dubun ba, fis ne zai ƙone. To, a nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowanne haɗari: fis ya ƙone, sai a sa babba, ko a naɗe gurbin da silin waya ko takardar kwalin sigari. Fis mai gadi ne. Idan aka kore shi, siririyar wayar da ke bayan dashbod ce za ta ɗauki zafin, ta narke a inda ido ba ya gani, sai dai a ji ƙauri.

Ga lissafin da ya kamata kowane direba ya riƙe. Raba wat da 12, ka ƙara kaɗan saboda abin da inbatar ke ci da kanta. Dutsen guga mai wat 1,000 zai ja amfiya kusan 90 zuwa 100 daga batir. Batirin ƙaramar mota kuwa galibi mai lamba 60 zuwa 75 ne, kuma an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, ba don a yi ta tatsarsa ba. Cikin mintuna kaɗan zai yi sanyi, kuma kowace tatsa irin wannan tana rage masa kwana. Wanda ya san hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, inda ake ratsa dajin Falgore a nufi Saminaka, ya san ba wurin da mutum zai so ya tsaya neman masu turi ba ne. Idan kayan da za ka kunna sun wuce caji, bar injin a kunne. Ko a hakan ma, altanetar ƙaramar mota ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan mota tana silo. Dutsen guga da butar dafa ruwa da hita, a bar su a gida.

Wajen saye, ko a Sabon Gari ne ko wani wurin, duba abu uku da idonka. Lambar da aka rubuta da manyan haruffa sau da yawa ta ƙarfin 'yan daƙiƙoƙi ce. Ainihin ƙarfin da za ta jure yana nan a ƙasa da ƙananan haruffa, galibi rabin waccan. Sannan kayan gwanjo da suka fito daga Amurka bolt 110 zuwa 120 suke bayarwa, ba su dace da kayanmu ba. Haka nan manyan motocin ɗaukar kaya na bolt 24 suna da tasu inbatar daban, kada a haɗa musu ta 12. Akwai kuma bambancin tsabtar wuta: masu araha wutarsu tana fita a gutsure, shi ya sa za ka ji fanka tana gurnani, lasifika tana ƙugi, injin aski yana zafi. Mai tsabtatacciyar wuta ta fi tsada, amma duk abin da ke da inji mai juyawa a cikinsa, kamar firiji, ita yake so. Firijin ma, lokacin tashi yakan ja ninkin wutarsa sau uku ko fiye, don haka a bar masa rara.

Babbar inbata daga kan batir kai tsaye ake ɗaura ta, da waya mai kauri kuma gajeriya, da fis dab da batirin. Wannan aikin riwaya ne wanda ya san hannunsa, ba na yaron shago ba, kuma wayar wutar gida ba ta yi. Ka tsaya a kansa ka ga inda wayar ta ratsa ƙarfe an sa mata roba, ka ga kan batir ya ɗauru tamau, domin sako-sako shi ke kawo tartsatsi.

Inbata tana son iska. A zafin Maris da Afrilu, motar da aka rufe a rana takan zama tanda, don haka kada a cusa ta ƙarƙashin kujera a danne da buhu ko darduma. Ƙurar hunturu kuma tana toshe mata fanka, a riƙa kaɗewa. Mu da muke da al'adar ajiye jarkar fetur a but saboda doguwar tafiya, mu sani cewa jarka da inbata ba sa zama wuri ɗaya. Wutar da ke fita daga cikinta kuma tana kisa kamar ta kamfanin wuta na KEDCO, a kiyaye jiƙaƙƙen hannu da yara.

Abu biyu ne suka rage, kuma su ne ke ɗaukar rai shiru. Kada a bar mota a kunne cikin gareji ko zaure a rufe don a samu wuta da dare. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari, wadda mutum kan shaƙa yana barci. Sannan kada a ja waya daga mota a soka a bangon gida. Idan aka kawo wuta, inbatar za ta iya kamawa da wuta, idan kuma ba a kawo ba, wutarka na iya komawa kan layi ta sami ma'aikacin da ke kan fal.

Shugabannin tashoshin mota da masu gyaran wuta na Kwanar Dangora, Tiga, Tudun Wada da Riruwai, don Allah ku riƙa faɗa wa direbobi wannan. Kai kuma mai mota, in fis ya ƙone sau biyu, cire inbatar ka nufi wajen riwaya.