Harbin Abin da Ba a Tantance Ba: Jan Kunne Kan Farautar Elk a Duwatsun Amurka

A kowace shekara, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, dubban mafarauta kan hau Duwatsun Roki da ke yammacin Amurka domin farautar elk, wata irin barewa mai girman gaske da ke zaune a dazuzzukan tsaunukan jihohin Kolorado da Montana da Wayomin da Aidaho. Namijinta ya fi gwanki jiki, domin nauyinsa kan wuce kilo 300, kuma yana da ƙaho masu rassa waɗanda yake zubarwa duk shekara wasu su sake tsirowa. Jihar Kolorado ce ta fi kowace yawan wannan dabba, inda ake ƙiyasta ta kai 280,000 ko fiye. Farautar ba laifi ba ce ga wanda ya yanki lasisi, hasali ma kuɗin lasisi da harajin kashi 11 cikin ɗari da dokar Pittman-Robertson ta shekarar 1937 ta ware daga cinikin bindigogi da harsasai suna cikin abin da ya farfaɗo da dabbar bayan ta kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20. Abin da ke zubar wa wannan farauta mutunci ɗabi'a ce guda, wato jan kunamar bindiga a kan abin da ido bai tantance ba.

Abin da ya faru a watan Satumba na 2021 a dajin gwamnati na San Juan, kudu maso yammacin Kolorado, ya isa misali. Wani dattijo daga jihar Fensilbaniya ya shiga dajin da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, dangin bindigar toka da maharban ƙasar Hausa suka sani, wadda doka ta ba ta 'yan kwanakinta na farauta a tsakiyar Satumba. Ya hangi wani abu a tsakanin itatuwa, ya ɗauka elk ce, ya harba, ashe wani matashi ne daga jihar Teksas da ya fito farauta da kwari da baka, kuma harbin ya yi ajalinsa. Daga baya kotu ta sami maharbin da laifin kisa ta hanyar sakaci. Babu gaba a tsakaninsu, ba su ma san juna ba, kuma babu wanda ya ce bindigar ce ta tashi da kanta. Mutum ne da hankalinsa ya saita ta, ya danna.

Yadda ake farautar elk a wannan lokaci shi kansa yana ƙara haɗarin. Satumba lokacin barbara ne, inda mazan ke yin wani dogon kuka mai kama da busa, suna kiran mata suna kuma yi wa abokan hamayya barazana. Mafarauta kan kwaikwayi wannan kuka da ɗan abin busa da ake sa wa a baki haɗe da bututun roba, wasunsu har su riƙa gurza sanda a jikin itace don su yi kama da namiji mai kartar ƙaho. Wanda ya ƙware yakan yaudari dabba, amma yakan yaudari ɗan'uwansa mafarauci, ta yadda mutum biyu za su yi ta amsa wa juna, kowa yana sanɗa yana matsowa, kowa ya sakankance cewa nama ne a gabansa. Ga shi an fi samun dabbar da sanyin safiya da kuma dab da magariba, lokacin da haske ke da rauni a ƙarƙashin itatuwa masu duhuwa. Mutumin da ya kashe ɗaruruwan daloli a kan lasisi, ya yi kwanaki yana hawa da sauka a tudun da ya haura mita 3,000 inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ga gajiya ga sanyi ga kunyar komawa gida hannu rabbana, idonsa kan nuna masa abin da zuciyarsa ke kwaɗayi. Sai reshe ya zama ƙaho, rigar mutum ta zama gashin dabba.

Duk wannan bayani ne, ba uzuri ba, kuma abin takaicin shi ne doka ta riga ta toshe ƙofar uzurin. A yankuna da yawa na Kolorado ba a halatta harbin namijin elk ba sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko kuma reshen da ke saman goshinsa ya kai inci biyar, sa'annan lasisi da dama na fayyace ko na mace ne ko na namiji. Ma'ana, an wajabta wa maharbi ya ga kan dabbar sosai har ya ƙirga rassan ƙahonta kafin ya yi harbi. To wanda aka ce ya ƙirga rassa, ta yaya zai harbi motsi? Duk wanda ya harbi inuwa ya riga ya karya doka tun kafin a san abin da harsashinsa ya samu, kuma in ya dace da nama ne, sa'a ce kawai ta rufa masa asiri. Irin wannan gaggawa ce ke sa hukumar kula da namun daji ta jihar take maimaita gargaɗi duk shekara kan masu kashe muus, wata dabba baƙa mai dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙaho da aka sake shigo da ita jihar a 1978, suna cewa sun zaci elk ce, alhali kamanninsu sun yi hannun riga ga duk wanda ya tsaya ya duba.

Akwai kuma wani kuskuren tunani da ya kamata a tone. Dokar Kolorado ta tilasta wa mai farautar elk da bindiga ya sa tufa mai launin ruwan goro mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli, wadda faɗinta ya kai murabba'in inci 500 daga ƙugu zuwa sama, har da hular da za a iya gani ta kowace fuska. Doka ce mai kyau, sai dai wasu sun juya ta, sun mayar da rashin ganin wannan launi tamkar izinin harbi. Masu kwari da baka ba a wajabta musu sa shi ba a lokacin farautarsu, galibi ma tufafin ɓad-da-kama suke sawa. Dazuzzukan kuma na jama'a ne, akwai masu yawon shan iska da masunta da makiyayan tumaki da shanu, waɗanda babu ruwansu da dokar tufafin mafarauta.

Shawarwarin da masana ke bayarwa ba su da wuyar bi. Duba abin da ake shakka aikin tabaron hangen nesa ne, wanda ake rataya wa a wuya. Madubin saiti da ke kan bindiga ba na leƙe ba ne, domin wanda ya leƙa mutum ta cikinsa ya riga ya nuna shi da bakin bindiga. Bai isa a ga launi ko a ji sauti ba, sai an ga kai da wuya da kafaɗa, an kuma san abin da ke bayan dabbar, saboda harsashin bindigar farauta ta zamani na iya tafiyar fiye da kilomita uku. Shi ya sa ake hana harbin dabbar da ta tsaya a ƙololuwar tudu, babu komai a bayanta sai sarari, tunda babu wanda ya san wanda ke cikin kwarin da ke can gaba. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an gama duk wannan. Wanda ya ji an amsa busarsa ya ɗauka cewa mai amsawar na iya zama mutum, in kuwa ya hangi wani mafarauci, ya yi masa magana da murya maimakon ɗaga hannu. Shi ma wanda ya dace da nama, ya goyo kai da ƙaho a baya yana ratsa duhuwa, ya lulluɓe su da ƙyallen ruwan goro, in ba haka ba ya mai da kansa abin hari.

Sauran haɗuran dutse, kamar saukar dusar ƙanƙara ba zato da ciwon kai da jiri na hawan tudu, an san su kuma ana yi musu shiri. Haɗarin harbi ma sananne ne, domin tun 1970 Kolorado ta wajabta kwas na koyon farauta, kuma galibi wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 ba ya samun lasisi sai da shaidarsa, saboda haka ba a rasa ilimin ba, aiki da shi aka rasa. Bahaushen da ke zaune a Amurka, wanda abokan aiki za su iya gayyata hawan dutse da kaka, ya yi kwas ɗin tukuna, kuma ya guji bin duk wanda ya ga yana gaggawar harbi. Maharban gida masu fita farautar gayya ko ta dare da fitilar goshi su ma maganar ta shafe su, domin ƙyallin ido a cikin duhu ba ya faɗin ko na wane ne. Duk wanda bai ga dabba ƙuru-ƙuru ba, ya sauke bindigarsa ya bar ta ta wuce.