Cutar Korona da Tantanin Ido: Ƙofa ne ko Masauki?

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Fabrairu, 2020, da aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, har zuwa watan Mayu na 2023 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta, yawancin gargaɗin da aka yi wa jama'a a kan hanci da baki ya tsaya. Shi ido akan ambace shi ne a wuce. A cikin wannan takarda za mu duba abin da bincike ya gano game da dangantakar wannan ƙwayar cuta da fuskar ido, sa'an nan mu auna shi da halin da ake ciki a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda jan ido ba baƙon abu ba ne. Abin da muke so mu nuna shi ne, ido ya fi zama ƙofa ga wannan cuta bisa ga zama masauki.

2.0 Tantanin Ido da Magudanar Hawaye

Abin da muke kira tantanin ido shi ne wata siririyar fata mai danshi wadda ta lulluɓe farin ido, ta kuma naɗe ta shimfiɗa a cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa. Iri ɗaya ce da wadda ke cikin hanci da baki, watau ba ta da kaurin fatar jiki, kuma a buɗe take ga iska muddin mutum yana farke. Idan ta kumbura, ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta su kan cika, shi ne a ga ido ya yi ja.

Ita ƙwayar korona ba ta shiga ƙwayar halittar jiki sai ta sami wani sinadari da masana suka sa wa suna ACE2 ta manne masa. An sami wannan sinadari a tantanin ido, amma bai kai yawan na cikin hanci ba. Har wa yau, hawaye ba ruwan banza ba ne, yana ɗauke da sinadarai masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, kuma mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa tana share fuskar ido.

To, ina hawayen da aka share yake zuwa? A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yan ƙananan kafofi guda biyu, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, waɗanda suke kai hawaye cikin wata magudana da ta sauka har cikin hanci. Wannan ne dalilin da ya sa mai kuka yake jan majina, shi ne kuma ya sa wanda aka ɗiga wa magani a ido yakan ji ɗacinsa a maƙogwaro. Ke nan sharar da ido yake yi wa kansa, a cikin hanci yake zubar da ita, daidai inda ƙwayar korona ta fi jin daɗin hayayyafa.

3.0 Abin da Likitoci Suka Gano

Ba annobar 2020 ce ta fara jawo hankali ga wannan batu ba. A 2004 aka buga wani bincike da aka yi a Singafo, inda aka binciki hawayen mutum 36 da ake zaton sun kamu da cutar SARS, 'yar'uwar korona, aka sami alamar ƙwayar a na mutum 3. A cikin wannan shekara kuma aka gano wata koronar daban a ƙasar Holan, a jikin jariri ɗan wata bakwai mai ciwon ƙirji da jan ido.

Da sabuwar cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gargaɗi a kanta, ranar 30 ga Disamba, 2019, likitan ido ne, Li Wenliang, kuma ita ce ta yi ajalinsa ranar 7 ga Fabrairu, 2020. Wani babban likitan huhu daga Beijin, Wang Guangfa, wanda shi ma ya kamu a Janairun 2020 bayan ya ziyarci Wuhan, ya ce jan ido ya fara gani kafin zazzaɓi, yana kuma zaton ta ido ya ɗauka, domin ya rufe hanci da baki amma bai sa tabarau na kariya ba. Wannan zato ne na mutum ɗaya, amma shi ya tayar da bincike.

Sakamakon da ya biyo baya bai zo baki ɗaya ba. A cikin majinyata 1,099 da aka tattara bayaninsu daga asibitocin Sin, mutum 9 kaɗai aka rubuta suna da jan ido. Amma da likitocin ido suka duba majinyata 38 a lardin Hubei, sai suka ga alamun ciwon ido ga mutum 12. A ganinmu wannan saɓani ba abin mamaki ba ne, domin likitan da yake fama da mai neman numfashi ba ya da sukunin leƙa ido. Da aka haɗa bincike masu yawa daga baya, sai lissafi ya tsaya wajen mutum ɗaya cikin goma. Abin lura shi ne, daga waɗancan mutum 38, biyu kaɗai aka sami ƙwayar a idonsu. A Singafo kuwa an ɗibi hawayen majinyata 17 sau 64, ba a sami kome ba, alhali hancinsu cike yake da ita.

Duk da haka ba za a ce ido ya kuɓuta ba. A asibitin Spallanzani na birnin Rum, an sami ƙwayar da ranta a idon wata mata 'yar shekara 65 da ta zo daga Wuhan, aka kuma ci gaba da ganin alamarta har kwana na 21. Sa'an nan masu bincike a Sin sun ɗiga ƙwayar a idon birai, suka tarar da ita da yawa a magudanar hawaye, ta kuma isa huhu, ko da yake ciwon bai yi tsanani ba. Wannan gwaji, a ra'ayinmu, shi ya fi kowanne fayyace magana: ta ido ta shiga, amma a hanyar numfashi ta zauna. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a Yunin 2020 ya nuna kare ido yana tafiya tare da raguwar kamuwa, sai dai su kansu marubutan ba su ba hujjar ƙarfi sosai ba.

4.0 Jan Ido a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita ranar 26 ga Maris, 2020, bayan kwana biyu kuma gwamnan wancan lokaci, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sanar cewa ya kamu. Ƙasar da muke magana a kanta tana maƙwabtaka da Jihar Kano, kuma zirga-zirgar kasuwa ba ta yanke ba duk da rufe iyaka. Saboda haka tambayar da mutumin Taba ko Hunƙuyi zai yi ta cancanci amsa: in idona ya yi ja, korona ce?

Amsa ita ce, da wuya. Jan ido shi kaɗai, ba zazzaɓi ba tari ba gushewar jin ƙanshi, ba alama ce da za a dogara da ita ba, balle a nan inda masu jawo shi suke da yawa. Akwai ƙurar hunturu, akwai hayaƙin dafa mazarƙwaila a gonakin rake, akwai ƙaiƙayi lokacin sussuka da yajin barkono a wurin shanya. Sai kuma babbansu, watau afolo. Wannan ciwo ya ɓulla ne a Gana a 1969, shekarar da kumbon Afolo 11 ya sauka a kan wata, daga nan ya sami sunansa. Ƙwayar da ke kawo shi daban take da korona, kuma ita kam ido ne masaukinta: cikin kwana ɗaya ko biyu ido ya kumbura, ya yi jajir kamar jini ya kwanta, ya gama gida, bayan mako guda ko fiye kaɗan ya tafi da kansa.

A nan ne ya kamata malamai su gyara wani kuskure da ya zauna a zukata, cewa kallon idon mai afolo shi ke sa a kamu. Kallo ba ya ɗaukar cuta. Hannu ne yake ɗauka, da hankici, da tawul, da gefen zane da uwa take share wa wannan yaro kwantsa ta juya ta share wa wancan, da tsinken kwalli ɗaya da yake zagaya gida ranar salla ko biki. Waɗannan hanyoyi su ne na amosanin ido, in an ƙara da ƙuda, kuma hannun da ya taɓa majina ya murza ido shi zai iya kai korona bakin magudanar hawaye. Ga manomi da ɗan makaranta, wanke hannu da sabulu da barin murza ido sun fi tabarau amfani. Tabarau na kariya na ma'aikacin lafiya ne da yake sunkuyawa kan fuskar mai tari.

Abin da ya fi ba mu tsoro ma ba ciwon ba ne, maganin ne. Akan ɗiga nonon uwa, ko ruwan sukari, ko ruwan ganye, wasu har fitsari, alhali fitsarin mai ciwon sanyi yana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Akan kuma sayi maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba ido ba, wasu daga cikinsu suna kwantar da ja nan take, amma in akwai gyambo a baƙin ido sai su zurfafa shi, ya warke da hakiya. Jan ido irin na korona ko na afolo ba ya bukatar fiye da tsabta da ruwan sanyi mai tsabta a ƙyalle. Amma in akwai zafi mai tsanani, ko gani ya ragu, ko haske ya gagari ido, ko an ga farin ɗigo a baƙin ido, ko jariri ne yake fitar da ruwan mugunya, to ba a kwana da shi. Daga wannan yanki akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Maƙarfi da ɗalibanmu masu shirin koyarwa a firamare su ne za su fara ganin irin waɗannan idanu, saboda haka ya kamata a koya musu waɗannan alamu biyar tun kafin su fita aikin gwaji.