Yadda Ake Bambance Tsohon Jirgin Gudu na Asali da na Kwaikwayo

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara tsofaffin ƙananan jiragen ruwa masu inji, waɗanda aka ƙera da katako domin gudu da shaƙatawa a kan tafki. Tun da an daina ƙera su, duk mai so dole ya sayi na hannu, kuma a nan ne ake yin kuka. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan hanyoyin da masu saye ke bi su gane na asali kafin su biya kuɗi. Za mu ɗauki misalai daga kamfanoni biyu da suka fi suna a wannan fage, wato Riva na Italiya da Chris-Craft na Amurka.

Kamfanin Riva yana garin Sarnico, a bakin tafkin Iseo da ke arewacin Italiya. Jirginsa da ya fi shahara shi ne Aquarama, wanda aka ƙera daga 1962 zuwa 1996, kuma duk waɗanda aka yi ba su kai 800 ba. Mai kyau daga cikinsu yakan ci dubban ɗaruruwan Yuro. Shi kuwa Chris-Craft, wanda ya faro a garin Algonac na jihar Mishigan, yana da wani samfuri mai suna Cobra da aka yi a 1955 kaɗai, guda ɗari da 'yan kai. Kaya kaɗan, masu so da yawa, kuɗi masu tsoka: dole a sami masu kwaikwayo.

Kwaikwayo daban, jabu daban

Ya kamata mu ɗaliban harshe mu tsaya a kan waɗannan kalmomi biyu, domin ba ma'anarsu ɗaya ba. Akwai kafintocin jirgi da ke ƙera sabon jirgi bisa siffar tsoho, su kuma faɗa wa mai saye gaskiya cewa bana aka yi shi. Wannan kwaikwayo ne, ba laifi a cikinsa, wani lokaci ma ya fi na asalin ƙwari. Yana zama jabu ne ranar da ya canza hannu sau biyu ko uku, wani ya manna masa tambarin kamfani, ya ƙara masa shekara hamsin da baki. Ke nan ƙaryar ba a jikin katako take ba, a bakin mai sayarwa take.

Lamba da takarda

Abu na farko da gwanaye ke nema shi ne lambar gangar jirgi. Duk wanda ya taɓa raka wani sayen motar tokumbo ya ga yadda ake leƙa lambar jikin mota a gwada ta da takardu. To, haka abin yake a nan. Chris-Craft yakan buga lambar a cikin katako, kuma ba wuri ɗaya ba: akan same ta a katakon da inji ke zaune a kai, da ƙarƙashin murfin inji, da bayan wasu allunan kujeru. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin dabarar mayaudara ita ce su samo ruɓaɓɓen jirgi na asali, su yanko guntun katakon da ke ɗauke da lambar, su dasa shi a sabon jirgi. Lamba a wuri ɗaya tak, a kan katakon da launinsa ya saɓa da na maƙwabtansa, abin tuhuma ce.

Amma lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba sai an gwada ta da rijistar kamfani. Takardun tsohon kamfanin Chris-Craft suna ajiye a gidan tarihin Mariners' Museum da ke Newport News a jihar Bajiniya, kuma mutum zai iya aika lambar a nemo masa katin jirgin. Katin yakan nuna samfurin, da irin injin da aka sa masa da lambarsa, da ranar da aka fitar da shi, da dillalin da aka aika wa. Idan kati ya ce ƙafa 18 ne, ma'auni kuma ya ce 21, magana ta ƙare. Masu jiragen Riva su ma suna da ƙungiyar tarihi, Riva Historical Society, wadda ke riƙe da rijistar jiragen bisa lambobinsu.

Wani abin lura shi ne, sai a watan Nuwamba na 1972 dokar Amurka ta wajabta wa kamfanoni lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bayan jirgi. Saboda haka idan an ce jirgin 1955 ne, ga kuma irin wannan lamba, sai an yi bayani. Mai yiwuwa hukuma ce ta ba shi daga baya wajen rijista, mai yiwuwa kuma jirgin ne ƙarami da shekaru.

Kada kuma a yi saurin yanke hukunci don an ga baƙon inji. Aquarama mai lamba 278, wanda aka yi wa Ferruccio Lamborghini a 1968, injinan Lamborghini guda biyu aka sa masa maimakon injinan Amurka da aka saba, kuma ba wanda ke shakkar asalinsa, domin tarihinsa a rubuce yake.

A duba ciki, a bar waje

Ƙyallin waje shi ne abin da ya fi ruɗin sabon shiga, alhali shi ya fi sauƙin yi. Tambari, sitiyari, gilashi da ƙarafan ado duk ana sayar da sababbinsu. A ɗaga allunan ƙasa a leƙa da tocila. Katakon da ya shekara sittin yakan yi duhu, ya sha mai, a ga ramukan tsofaffin ƙusoshi da alamun gyare-gyaren da aka yi a baya. Ƙusoshin da kuwa na tagulla ne ko farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Idan ko'ina ƙarfen zamani ne marar tsatsa, haɗe da gam na zamani a kowace gaɓa, to hannun kwanan nan ne. Haka kuma idan aka tarar gangar faiba ce aka lulluɓe da siririn katako, ba Aquarama ba ne, ba Cobra ba ne. (A Cobra, ƙaton fiffiken baya mai ruwan zinariya ne na faiba, gangar kuwa katako ce.)

Irin katakon ma yana magana. Waɗannan jirage an san su da mahogani, dangin maɗacinmu, sai dai abin da Chris-Craft ya fi amfani da shi wani katako ne daga Filifin da ake kira da wannan suna ko da yake ba jinsinsu ɗaya ba. Gogaggen kafinta yakan bambance su da ido.

Inda abin ya fi wuya

A ganina, matsala mafi girma ba jabu tsantsa ba ce, jirgin da aka yi ta gyarawa ne har katakon asali ya kusa ƙarewa. Ƙasan tsohon Chris-Craft alluna ne ruɓi biyu da ƙyallen tamfol a tsakani, kuma ba a yi shi don ya daɗe ba. Don haka sabon ƙasa ba aibi ba ne, sau da yawa ma shi ke hana nutsewa. To, idan an canza ƙasa, an canza gefe, an canza sama, an canza haƙarƙari, me ya rage? Ƙungiyar Antique and Classic Boat Society, wadda aka kafa a Amurka a 1975, ta raba su wajen gasa: wanda ya riƙe aƙalla kashi 60 cikin ɗari na katakonsa na sama da na gefe ana lissafa shi a matsayin adananne, wanda ya gaza haka kuma gyararre ne. Dukansu suna da daraja, amma mai saye yana da haƙƙin sanin wanne ake miƙa masa. Mai gyara na kirki yakan ajiye hotunan aikin daki-daki da rasiɗai, kuma ba ya jin haushi idan an tambaya.

Akwai kuma jiragen da Chris-Craft ya sayar a wargaje cikin shekarun 1950, mutum ya harhaɗa da kansa a gida. Na kamfanin ne, amma farashinsu bai kai na waɗanda aka gama a masana'anta ba.

Kafin a biya, a fitar da jirgin daga ruwa, a kawo ƙwararren mai duba jiragen katako wanda mai saye ne ya ɗauke shi, ba dillali ba. Sannan a rubuta samfuri da shekara da lambar ganga da lambar inji a takardar ciniki, mai sayarwa ya sa hannu a ƙarƙashinsu.