Foniks a azuzuwan nazare: sunayen sun riga fahimta isowa

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai wajen 44. Da haruffa suka yi kaɗan, sai aka riƙa haɗa biyu ko uku su wakilci sauti ɗaya: sh a ship, th a thin, igh a night. Daga nan sunayen da ake rerawa yau a makarantun kuɗi na Kano da Kaduna suka samo asali, irin su daigiraf ga haruffa biyu masu sauti ɗaya, da tiraigiraf ga uku.

A Ingila abin ya kankama. Rahoton Jim Rose na 2006 ya sa koyar da karatu ta hanyar harhaɗa sauti, wato foniks, ya zama tsarin gwamnati, a 2012 kuma aka soma yi wa 'yan aji ɗaya gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu, don a gane wanda yake karantawa da wanda ya haddace siffar kalma. Tsarin Jolly Phonics, mai sautuka 42 da ke farawa da s, a, t, i, p, n, ya yaɗa salon a Najeriya da waƙoƙinsa da motsin hannu. Masu makarantu sun rungume shi, domin haja ce mai saurin shiga: uba ya ji ɗiyarsa tana fitar da sauti, ya san kuɗinsa bai faɗi ba.

Amfanin a bayyane yake. Yaron da ya san ch sauti ɗaya ne yakan tunkari kalmar da bai taɓa gani ba, abin da tsohuwar haddar ABCD ba ta bayarwa.

Sai dai horon kwana uku da ake ba malamai yakan bar malama da sunaye, kunnenta kuwa bai sauya ba. Hausa ba ta da sautin th, p da f sukan haɗe mata, kuma ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muke cewa burodi. Wasulan Turanci sun doshi 20. Nan wahalar yaron Bahaushe take, alhali littattafan foniks an tsara su ne don yaron da ya tashi da Turanci a bakinsa.

Abin takaicin, bokon Hausa yana da baƙaƙe masu goyo, sh da ts da ky da gw, da tagwayen wasula ai da au. Yaron da ya fara karanta tsuntsu da kyanwa ya riga ya san haruffa biyu kan ba da sauti ɗaya. Shirin koyar da karatu na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato ta Hausa ya fara. Makarantun kuɗi da yawa kuwa har yau tara suke ci in yaro ya yi Hausa a aji.