Idan Yaro Ya Sha Ruwan Batir, Kada A Sa Shi Amai

Yau za mu yi magana a kan wani hatsari da ke cikin gidajenmu, wato shan asid bisa kuskure.

Asid shi ne ruwan nan mai cin nama da tufa. Akwai shi a cikin batirin mota, akwai shi kuma a wasu magungunan wanke masai. Sau da yawa maigida kan zuba ruwan batir a kwalbar lemo ya ajiye a bayan ƙofa. Da yake fari ne kamar ruwan sha, yaro mai jin ƙishirwa sai ya ɗauka ya kai baki. Sodar yin sabulu ba asid ba ce, amma ɓarnarsu ɗaya, taimakonsu ma ɗaya.

Za ki ga yaro yana kuka, yawu na dalala, leɓe ya kumbura, ya kasa haɗiya. Wani muryarsa takan dishe. To, uwargida, ga abin da ba za ki yi ba.

Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ba shi ruwan gishiri don ya yi amai. Asid ɗin da ya ƙona hanyar abinci wajen sauka zai sake ƙona ta wajen fitowa, yana kuma iya faɗawa huhu.

Kada ki ɗura masa manja. Manja ba ya kashe asid, yana jawo amai, kuma yana hana likita ganin ƙunar sosai. Kada ki jiƙa kanwa ki ba shi wai don ta karya ƙarfin asid, domin idan suka haɗu a ciki zafi suke haifarwa, ƙunar ta ƙaru.

Ga abin yi. Ki kurkure masa baki da ruwa mai tsabta ya tofar. Idan ƙarami ne, ki goge bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ki cire rigar da asid ya taɓa. Idan ya zuba a fata ko ido, ki yi ta kwarara ruwa har minti 20. Kada ki ba shi abinci ko abin sha sai da izinin likita. Idan ya suma, ki kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi.

Daga nan sai asibiti, ba jiran dawowar maigida. Ki tafi da kwalbar a rufe, ki gaya wa likita lokacin da yaron ya sha da kimanin yawan abin da ya sha.

Ko da bakinsa bai nuna ƙuna ba, kada ki ce ya tsira, domin ciwon yana iya kasancewa can ciki. Bayan 'yan makonni tabon yakan matse hanyar abinci har tuwo ya ƙi wucewa. In kin ga haka, ki mayar da shi asibiti da gaggawa.

'Yan makaranta, ku ne ke renon ƙanne, ku riƙe wannan da kyau. Uwargida kuma ki duba ɗakinki yau: duk wani asid ko soda a bar shi a mazubinsa na asali, a kulle inda hannun yaro ba ya kaiwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana zuriya, amin.