Alƙalami a Gidan Zuhudu: Rubutu a Matsayin Ibada Wajen Sufayen Katolika



Gabatarwa

Idan ana maganar masu zuhudu na Ɗarikar Katolika, ana nufin maza da matan da suka bar gida da dangi suka shiga wata ƙungiya ta ibada, bayan sun ɗauki alkawari uku: ba za su mallaki dukiya ba, ba za su yi aure ba, kuma za su yi biyayya ga shugabansu. Galibinsu mutane ne da aka hore su da yawan shiru da ɓoye kai. Amma abin mamaki, daga cikinsu ne aka sami wasu daga cikin shahararrun littattafan tarihin kai na duniya. To, yaya aka yi mutumin da ya yi alkawarin mance kansa ya zauna yana rubuta labarin kansa, har a lissafa masa wannan a cikin ibada? Wannan ita ce tambayar da za mu bi a yau.

Asalin al'adar

Al'adar ta yi tushe a nahiyarmu ta Afirka. A hamadar Masar an yi wani mai zuhudu, Antoni, wanda ya rasu a 356. Bishop Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce Antoni yakan shawarci almajiransa kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da saƙe-saƙen zuciyarsa, kamar dai zai karanta wa 'yan'uwansa. Hikimar ita ce kunya. Mutum yakan yi wa mugun tunani masauki muddin ba mai gani, amma in ya san zai ɗora shi a takarda sai ya ji nauyi. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Rubutun Antoni dabara ce ta sa mutum ya dubi tudun da yake tsaye a kai.

Bayansa sai Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yanzu, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba. Wajen 397 zuwa 400 ya rubuta littafinsa mai suna Confessiones da Latin, mai babi 13. Kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu, amsa laifi da kuma yabon Ubangiji. Daga farkon littafin har ƙarshensa da Allah yake magana, mai karatu kuwa kamar wanda ya tsaya a bakin ƙofa ne yana saurare. A ciki ne ya ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka kaɗe 'ya'yan itacen wani maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu. Ya daɗe yana tonon wannan ƙaramin laifi, domin yana son ya gane dalilin da zai sa mutum ya so ɓarna don ita kanta ɓarnar.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi cikin karatun sufanci. Shi ne muhasaba, wato yi wa kai hisabi, wadda saboda ita aka yi wa Harisu na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, laƙabi da Almuhasibi.

Takunkumin da aka sa wa alƙalami

Sai dai kada a zaci an sakar wa mai zuhudu mara ya rubuta abin da ya ga dama. Dokar da Benedik ya tsara wa gidansa na Monte Kasino a Italiya, cikin ƙarni na 6, tana da babi 73, kuma har yau gidajen zuhudu da yawa da ita suke aiki. Babi na 33 ya hana ɗan'uwa mallakar kome, har littafi da allon rubutu da alƙalami. Babi na 54 ya hana shi aikawa ko karɓar wasiƙa sai da izinin shugaba. Babi na 57 kuwa cewa ya yi, mai sana'ar da ya fara ɗaga kai saboda gwanintarsa a janye shi daga sana'ar, sai ya ƙasƙantar da kansa. Ke nan alƙalami aro ne, kuma ana iya karɓe shi.

Ignashiyus Loyola (1491 zuwa 1556), wanda ya kafa ƙungiyar Jesuwit, shi ya mai da rubutun kamar littafin lissafin ɗan kasuwa. Soja ne da aka karya wa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. Yana jinya ya kama kwafe kalmomin Almasihu da jar tawada, na Maryamu da shuɗiya. Daga baya ya koya wa mabiyansa cewa mutum ya zaɓi aibi guda da yake son ya rabu da shi, ya ja layuka a takarda, da rana da kuma dare ya sa ɗigo ɗaya a kan kowace faɗuwa, sa'an nan ya gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Ɗan abin da ya saura na littafinsa na kullum, daga Fabrairu 1544 zuwa Fabrairu 1545, ya nuna ya yi kwana 40 yana addu'a yana rubuta abin da ya ji a ransa, kafin ya yanke shawara ko majami'un ƙungiyarsa za su riƙe kuɗin shiga na dindindin ko kuwa a'a.

Rubutu bisa umurni

A wajen mata abin ya fi fitowa fili. Tereza ta Abila a ƙasar Sifen (1515 zuwa 1582) ta rubuta tarihinta ne domin limaman da ke yi mata jagora sun umurce ta, su auna ko abin da take gani a cikin addu'a daga Allah ne ko ruɗi ne. Ta yi ƙorafi a cikin littafin cewa rubutun yana hana ta kaɗi, alhali gidansu matalauci ne. Kuma akwai haɗari na gaske, gama kotun binciken aƙida ta karɓe littafin ta riƙe shi shekaru, ba a buga shi ba sai bayan rasuwarta.

Haka ma takwararta, Tereza ta garin Lisiye a Faransa. A 1895 shugabar gidansu, wadda yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce ta rubuta abin da take tunawa na ƙuruciyarta, ta kuwa rubuta a littafin 'yan makaranta. Tarin fuka ya kashe ta a 1897 tana da shekara 24. A 1898 aka buga kofe 2,000, daga nan littafin ya bazu cikin harsuna masu yawa. Amma yayar ta yi wa rubutun gyare-gyare masu yawa, sai a 1956 aka fito da hoton ainihin abin da hannunta ya rubuta. A nan ɗalibin adabi zai lura cewa biyayyar da ta sa aka yi rubutun ita ce kuma ta ba wani damar taɓa shi.

Idan masu karatu suka shigo

Babbar jarrabawa tana zuwa ne ranar da jama'a suka fara karantawa. Tomas Maton ya shiga gidan zuhudu na Getsamani a jihar Kentaki ta Amurka a 1941, yana zaton ya yi ban kwana da rubutu, sai shugabansa ya ce ya ci gaba. Tarihinsa ya fito a 1948, ya sami kasuwa ƙwarai, mutumin da ya gudu daga duniya sai ga wasiƙun duniya suna bin sa har ɗakinsa. Littattafansa na kullum cike suke da wannan damuwa, ko marubucin da ke cikinsa yana cinye mai zuhudun. Ya sa sharaɗi kada a buga su sai ya shekara 25 da rasuwa. Ya rasu a 1968, aka buga su juzu'i 7 tsakanin 1995 da 1998.

Ita kuwa Uwa Tereza ta Kalkata roƙo ta yi a ƙone wasiƙun da ta rubuta wa jagororinta, inda ta bayyana shekarun da ta yi tana jin kamar Allah ya yi nesa da ita. Ba a ƙone ba, an buga su a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta. Wasu sun ce an ci amanarta, wasu sun ce wasiƙun sun ƙarfafa masu irin wannan duhu a zuciya. Har yau ba a rufe wannan gardama ba.

Kammalawa

Daga waɗannan misalai za mu ga abubuwa uku da ke sa a ɗauki rubutu ibada a wannan al'ada. Na farko, wanda ake fuskanta da maganar Allah ne. Na biyu, akwai wani jagora da ke da ikon cewa rubuta ko dakata. Na uku, marubucin bai mallaki abin da ya rubuta ba, balle sunan da zai jawo masa. Duk inda ɗaya ya kuɓuce, riya tana samun ƙofa, har amsa laifi ma yakan zama hanyar neman yabo.

Saboda haka, ɗalibin da ya ɗauki littafin tarihin kai, na Bature ne ko na Bahaushe, ya fara da tambaya: da wa marubucin yake magana, kuma wa ya sa shi? Ma'aikacin da ke cika fayil kullum a kan aikin wasu kuwa, ba laifi in ya ware shafi guda da dare don nasa hisabin.